Wanda Ya Ɗaura Bakan Tsakiya

Makon jiya jikana ya ɗauke ni a mota daga unguwar Bani Harisa zai kai ni a duba mini ido, sai ya kauce wa cunkoson titin Sultana ya bi wata sabuwar hanya da ban taɓa bi ba. Muna cikin tafiya ya nuna gefen titi da leɓe. "Ya jaddi, an gyara tsohuwar kubri, ka gani?" Da Larabci ya faɗa, don shi Hausa sai dai ya ji, ba ya mayarwa. Kubri suke ce wa gada a nan. Na ce ya tsaya, ya tsaya. Ga ta nan kuwa a tsakanin tituna biyu, an kewaye ta da ƙarfe, an shimfiɗa mata tayil a ƙarƙashi inda dā yashi ne, an wanke duwatsun har suna sheƙi. An kafa allo mai rubutu. Yaron ya karanta mini: an gina ta tun zamanin dā da baƙin dutse, tana da baka uku, an yi mata gyara a wani lokaci. Na ce, "Wa ya yi gyaran?" Ya sake dubawa ya ce ba a rubuta ba. Na zura hannu ta cikin ƙarfen zan taɓa dutsen, mai gadi ya taso yana cewa, "Mamnu' ya hajji, mamnu'." Wato an hana. Na janye hannuna, muka koma mota. Likitan idon ɗan Kano ne, mutumin kirki, ya tambaye ni ko ƙaiƙayi ne yake sa idon ruwa haka. Na ce masa tsufa ne kawai.

A gindin wannan gada na tashi. Unguwarmu a lokacin bukkoki ne na kwano da kaba a bayan gari, inda gonakin dabino suka fara, kuma duk wanda ke ciki Takari ne, wato mu baƙaƙen da iyayenmu suka taho aikin hajji a ƙasa suka zauna. Akwai Kanawa da Katsinawa da mutanen Damagaram, akwai waɗanda suka daɗe a Sudan har harshensu ya karye. Abin da ke tashe mu da safe, bayan kiran salla, kukan igiyar rijiya ne a gonaki, wani irin ƙara mai tsawo kamar tsohuwa na kuka, sai kurciya ta karɓa, sai taɓaryar Inna. Aikina na farko kullum ɗebo ruwa ne. Garwa biyu a sanda, sau huɗu kafin rana ta take, har yau ga gurbin sandar a kafaɗata. Inna wankin mahajjata take yi, ta soya gyaɗa ta kai bakin masallaci. Ƙanwata kuwa 'ya'yan dabino take tsinta a jiƙa wa awaki. Idan dabino ya fara nuna, ƙamshinsa da na jiƙaƙƙiyar ƙasa su ne suke cika hanci tun daga ƙofar ɗaki. Yanzu ina hawa na uku a gidan haya, iskar da nake shaƙa daga na'ura take fitowa, ruwan da nake sha daga teku aka tace shi aka turo a bututu, kuma maƙwabcina na ƙofa da ƙofa ban san sunan ubansa ba. Jikokina sun ɗauka dabino a kwali yake tsirowa.

Gadar ba ta mutane kaɗai ba ce, ta ruwa ce tukuna. Akwai magudana da aka gina ta ɗauko ruwa daga wani idon ruwa a kudancin gari tana rarraba wa gonaki. Da ta iso bakin wani busasshen rafi, ba yadda za ta ƙetare sai a kan gada, shi ya sa aka ɗora ta a bayanta: ruwa na gudu a gefe ɗaya cikin kwalbati mai faɗin kamu biyu, a ɗaya gefen kuma hanya ce da jaki da kayansa zai wuce. Idan ka kwanta a inuwar bakan a lokacin zafi, za ka ji ruwan yana tafiya a samanka, wani ɗigo na faɗo maka a goshi jefi-jefi. A nan mata suke hutawa da ƙunshin wanki, a nan tsofaffi suke dara.

Baba magini ne. Gidansu a ƙasar Hausa gidan magina ne, tun yana saurayi ya iya ɗaura bakan gizo da azara da jar ƙasa, da ya zo nan kuma ya koma sassaƙar dutse. Ba ya wuce gadar nan ba tare da ya shafa ta ba. Mutane suna cewa Turkawa suka gina, wasu su ce tun kafin Turkawa take, Baba kuwa dariya yake yi. Ya taɓa kama hannuna ya ɗora a sahun ƙasa, manyan duwatsu masu kaushi da ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu, ya ce wannan hannun mutanen farko ne, masu haƙuri. Ya ɗaga hannun zuwa sahun tsakiya, inda duwatsun suka zama ƙanana masu kusurwa daidai, ya ce wannan aikin sojoji ne, da awo aka yi shi. Na sama kuwa ya ce na masu gaggawa ne, sun cika farar ƙasa don su ɓoye kasalarsu. Ya nuna mini ginshiƙan guda biyu, yadda aka yi musu hanci mai tsini ta inda ambaliya ke fitowa don su tsaga ruwa, da wasu ƙananan tagogi a saman ginshiƙan da na zata ado ne, ashe hanya ce aka bar wa ruwa idan ya yi yawa. A tsakiyar kowane baka akwai dutse ɗaya mai faɗin kai da siririn gindi, shi yake kira makulli. "Kowane dutse a baka faɗuwa yake son yi," in ji shi. "Wannan ne ya tsaya musu a hanya, sai suka danne juna suka zauna." Allah ya sani, a lokacin hankalina yana kan tsuntsayen da zan harba.

Shekarar da gemu ya fara fito mini aka yi ambaliyar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. A garin ko yayyafi ba a yi ba, a duwatsu aka yi ruwan. Da hantsi muka ji ruri kamar ana jan buhunan dutse, kafin mu fito rafin ya cika ya batse, jajawur, yana ɗauke da kututturan dabino da matattun awaki. Muna tsaye a tudu muna kallo wani ƙaton gungume ya zo a gicciye ya daki bakan tsakiya. Sau biyu ya dake shi. A na uku makullin ya zame, bakan ya durƙushe cikin ruwa, kwalbatin da ke samansa ya bi shi. Mata suka sa salati. Da ruwa ya janye bayan kwana biyu, sai ga gadar kamar bakin tsoho mai giɓi, ruwan magudanar na zuba a banza cikin yashi, gonakin ƙetare kuma babu ko ɗigo. Ga bazara ta ƙarato, lokacin da dabino yake ɗauke da 'ya'ya. Duk unguwarmu a gonakin nan muke ci. Idan suka bushe, mu ma mun bushe.

Masu gonaki suka taru a bakin giɓin da babbansu, wani dattijo mai farin gemu wanda rabin dabinon ƙetare nasa ne. Sun kawo wani masanin gini mai wandon Turawa da takardu a hannu. Ya zaga ya zaga, ya ce a rushe sauran a kawo bututun ƙarfe daga bakin teku, wata huɗu ko biyar. Dattijon ya ce kafin wata biyar ai sai dai a yi itacen girki da gonarsa. Baba yana tsugune can gefe da mu, sai na ga ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Da Larabcinsa mai tsami ya ce zai mayar da bakan kafin wata biyu, in za a ba shi farar ƙasa da itace da mutane ashirin na zaɓinsa. Mai wandon ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Wannan Takarin? Ɗaukar dutse daban, ɗaura baka daban." Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "Ranar da za a cire matokarai ni zan tsaya a ƙarƙashi. In ya faɗo, kun huta da ni." Sai dattijon ya ce, "Bismilla, ya mu'allim." Ranar na fara jin Balarabe ya kira ubana malamin aiki.

Wahalar da muka sha ba ta faɗuwa. Tsofaffin duwatsun muka bi rafi muna tonowa daga yashi, wasu sai da muka yi tafiyar rabin yini kafin mu same su, don Baba ya ce dutsen da ya saba da maƙwabcinsa ya fi sabo. Waɗanda suka ɓace aka sassaƙo madadinsu daga baƙin dutsen bayan gari, wanda idan rana ta dake shi ba ya taɓuwa. Muka kafa kututturan dabino a giɓin, aka ɗaura itace a samansu aka lanƙwasa shi siffar baka, aka tokare komai da ƙananan matokarai da za a iya bugewa. Daga nan aka fara jera dutse daga hagu da dama a lokaci guda, kada wani gefe ya fi wani nauyi. Ƙarar guduma ashirin daga fitowar rana zuwa la'asar, da waƙar da mutanen Damagaram suke yi idan za a ɗaga babban dutse, su ne har yau nake ji idan kunnena ya yi shiru. Inna da matan unguwa suna kawo kunu da ɗumamen tuwo. Wani dutse ya murƙushe wa Baba yatsu biyu na hagu, ya naɗe da tsumma ya ci gaba, daga baya suka ƙandare a haka. Makullin shi ya sassaƙa da kansa, kwana uku yana kansa, ba ya bari kowa ya taɓa.

Ranar cire matokarai mutane sun cika gaɓa biyu. Mai wandon ma ya zo. Baba ya yi alwala, ya shiga ƙarƙashin bakan ya tsaya daidai saitin makulli, ya harɗe hannu a baya. Aka fara bugewa daga gefe, ɗaya bayan ɗaya, itacen yana ƙara, ƙura na zubowa a kan hularsa. Da aka zo kan matokari na ƙarshe, wanda duk nauyin ya koma kansa, sai mai gudumar ya ajiye ta. Bakatsine ne, aminin Baba. Ya ce, "Wallahi ba da hannuna ba." Aka miƙa wa wani, ya ja da baya. Baba ya waiwayo ya neme ni da ido.

"Kai, ɗauki gudumar."

"Baba, a bari ya ƙara kwana biyu mana."

"Dabino ba zai ƙara kwana biyu ba. Ɗauki."

Na ji muryar Inna daga gaɓa tana kiran sunana, tana cewa in na buga ba ta yafe ba. Baba ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Ka ga inda na yi ha'inci a aikin nan?" Na ce a'a. Ya ce, "To me kake tsoro?" Na ɗauki gudumar, bugun farko ya kuskure. Na biyu ya kama. A na uku matokarin ya yi tsalle ya fita, itacen ya sauka da faɗin tafin hannu, bakan ya yi wani nishi mai nauyi da na ji har cikin haƙorana, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, ga Baba a tsaye, fari fat, yana kallon sama, ga haske siriri tsakanin itace da dutse. Kabbara ta tashi. Ni kuwa na zauna a yashi na yi amai. Inna ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Bayan mako aka gama kwalbatin aka saki ruwa, yara suka bi shi da gudu har ƙetare.

Dattijon ya yanka raguna. Manya suka ci a cikin gida a kan darduma, mu da muka yi aikin aka fito mana da tire a gindin katanga, har da Baba. Bakatsinen nan ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Baba ya ce masa ya ci abinci ya yi shiru. Amma da za mu tafi dattijon ya fito da kansa ya kama hannun Baba mai tsumma, ya ce a gaban jama'a shi zai tsaya masa a ba shi takardar zama ɗan ƙasa, shi da iyalinsa, ya zo kawai ya same shi. Inna ta yi ta fama da Baba ya je. Sau ɗaya ya je, aka ce mai gida yana barci, ya yini a ƙofa ya dawo, bai sake komawa ba. "Maƙwabcin Manzon Allah ne ni," in ji shi. "Wa zai tambaye ni takarda?" A zamanin nan gaskiyarsa ce, ba mai tambaya. Burinsa ɗaya ne a duniya, a binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Da Inna ta rasu aka kai ta can, ya dawo yana cewa ta riga shi kama wuri.

Sannu a hankali gari ya ci gonakin. Aka kawo injin ban ruwa, idon ruwan ya ja baya, dattijon ya mutu, 'ya'yansa suka yanka gonar fuloti-fuloti. Ni na sami wani mai motoci ya tsaya mini na yi takardar zama, na tafi Yanbu ina tuƙa tanka. Ina can saƙo ya iske ni cewa an yi kamen marasa takarda a kasuwa, an haɗa da Baba, ya fita sayen man ƙafa. Na kamo hanya ko wanka ban yi ba, na wuce kai tsaye gidan babban ɗan dattijon, wanda muka yi dara da shi a ƙarƙashin gadar nan muna samari. Ya bar ni a tsaye a tsakar gida. Na tuna masa ambaliya, na tuna masa alkawarin ubansa, na ce sa hannu ɗaya kawai ake nema, mutum ɗaya ɗan ƙasa ya ce ya san shi. Ya ce, "Masu aiki da yawa sun yi wa mahaifina aiki, ba zan iya tuna kowa ba. Allah ya sauƙaƙe." Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi a kofi. Ban sha ba. Kafin in gama zagayen ofisoshi an riga an sa Baba a jirgi da rigar jikinsa, zuwa ƙasar da ya bari shekara hamsin, inda duk wanda ya san shi ya mutu.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce zan bi shi idan na haɗa guzuri. Matata tana da ciki, aiki yana tafiya, in na fita ban da tabbacin dawowa. Bana ta zama baɗi. Da hajji ya zagayo wani alhaji daga garin su Baba ya kawo mini kaset, don a lokacin haka ake aika magana. Na sa a rediyon mota. Muryar ta tsufa, akwai kukan kaji a bayanta. Ya gaishe da kowa da sunansa, ya ce jikan wani ƙanensa ya ba shi ɗaki a zaure, ba ya rasa tuwo. Bai ce in zo ba, bai ce a nema masa hanyar dawowa ba. Ya ce in riƙa zuwa wurin Inna ina gaishe ta a madadinsa. Daga ƙarshe sai ya ce, "Bakan tsakiya fa? Yana ɗigo? In yana ɗigo a duba ta gefen yamma, a nan na yi sauri. Ruwa dai yana wucewa ko?"

A lokacin an shekara biyu da toshe magudanar, an mayar da ƙarƙashin gadar juji. Na sayi sabon kaset, na zauna zan ba shi amsa, na kasa. In faɗi gaskiya in kashe shi, ko in yi ƙarya ga mutumin da bai taɓa yi wa dutse ma ƙarya ba. Alhajin ya koma hannu wofi. Wata shekarar ma haka. Sai a ta uku na daure na danna maɓallin ɗaukar magana, na ce masa ruwa na gudu har ƙetare, ba ɗigo ko ɗaya, dabino ya yi 'ya'ya har rassa na karyewa, mutane suna ta tambayarsa. Na ba wani mai komawa.

Da shekara ta zagayo mutumin ya neme ni a bakin masallaci ya miƙo mini kaset ɗina, ko ledar ba a ɓare ba. Ya ce ranar da ya isa garin an yi sadakar bakwai da kwana biyu. Na tambaye shi inda aka binne shi, ya ce a bayan gari, kusa da wata gonar gero. Na ce an sami jama'a a jana'izar? Ya ce an samu daidai gwargwado, sai dai yawancinsu ba su san sunansa ba.

Na ce, "To me suke kiransa?"

Ya ce, "Balarabe."